Tulun da Na Karɓa a Amara

A filin jirgin Bagadaza aka karɓe min fasfo, kuma ni da kaina na miƙa shi, da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Wani mai kaurin gashin baki ne ya zo tarbarmu, ya ce kamfani zai adana mana don kada ya ɓace. Ban sake ganin fasfon nan ba har yau.

Sunana Hamisu, maƙerin fari ne ni, ɗan maƙerin fari, daga Roni. Azurfa muke bugawa: zobe, awarwaro, 'yan kunne. Tun da kayan kanti masu ruwan gwal suka cika kasuwar Kazaure sana'ar ta fara mutuwa a hannunmu, har ta kai Babana yana wuni a zaure yana zuga wuta don kawai kada maƙera ta huce. Ejan da ya yi min hanya ya rantse cewa shagon masu gwal zai kai ni. Da ya ga na yi jim, sai ya kama hannuna ya juya shi, ya ce, "Malam Hamisu, irin wannan hannu ai asara ne a bar shi a ƙauye." Ni kuwa akwai son yabo, nan take na amince.

Shagon gwal ɗin ya zama wurin gasa jan bulo, a wani fili kudu da birnin, inda ba ka ganin komai sai dogayen bututun hayaƙi. Aikina loda bulo a mota tun yana da zafi. Wata tara na yi a nan, ɗaki ɗaya da mutanen Bangaladash da na Habasha, ba mai jin Hausa ko ɗaya. Ɗan Larabcin da na samu a Islamiyya, in na yi shi sai masu gadi su fashe da dariya, su ce liman ya hau mumbari. Ban yi kewar tuwo kamar yadda na yi kewar gaisuwa ba. Sai ka wuni kana aiki kusa da mutum, bai ce maka ina gajiya ba. In na samu aron waya na kira gida, ƙarya nake shirga wa Baba, in ce gwal muke narkarwa. Shi kuma ya yi ta tambayata wane irin zugazugi suke da shi. Nakan ce layin ba kyau, in kashe, in zauna ina kallon yatsuna da suka tsattsage.

Zobe ne ya fitar da ni. Akwai wani direban babbar mota da ke zuwa ɗaukar bulo, dutsen zobensa na azurfa ya faɗo, na gan shi yana ta juya shi cikin takaici. Na ce ya ba ni. Da ƙusa da bayan cokalin shayi na mayar da dutsen, na danne bakin zoben ya kama. Ya daɗe yana duba aikin, sannan ya dube ni ya ce, "Kai me kake yi a nan?" Na ce ni ma ban sani ba. Bayan mako biyu, da rana tsaka lokacin da zafi ya kwantar da masu gadi, ya rufe ni da tamfol a tsakiyar bulo, muka yi kudu. Ban san sunansa na gaskiya ba, Allah ya saka masa.

A Amara ya sauke ni, wani gari a bakin kogin Dijla, ya ja ni har layin maƙeran azurfa, ya tsayar da ni gaban wani tsoho mai dogon farin gemu da ake kira Usta Farhan. Usta a wurinsu shi ne gwanin sana'a. Tsohon bai tambaye ni takarda ba, bai tambaye ni ƙasata ba. Ya turo min zaren azurfa da hantsaki ya ce in murɗa. Na lalata na farko, na lalata na biyu. Ya sha shayinsa yana jira. A na uku ya ɗaga tabarau ya duba, ya ce, "Hannun yana nan, ɗana. Bulo ne ya hau kansa, zai sauka." Ya ba ni ɗaki a saman shagon, matarsa ta riƙa aiko min da shinkafa da kifi.

Sai ranar Juma'a na gane ba Musulmi ba ne. Na tambaye shi masallacin da yake zuwa, ya raka ni har ƙofar wani, ya ce shi a nan zai juya. Su Sabi'awa ne, su kuma suna kiran kansu Manda'iyawa. Na taɓa jin sunan a bakin malaminmu wajen tafsirin azumi, na ɗauka mutanen da ne da suka shuɗe, ashe ga ɗaya yana koya min zuba baƙin ado a kan azurfa. Suna girmama Annabi Yahaya, kuma duk ibadarsu tana jingine da ruwa mai gudu. Ruwan famfo ko na randa ba ya yi musu, sun ce an yanke shi daga rai. Kowace Lahadi sukan sa fararen tufafin ibada da suke kira rasta, su gangara kogi, shaihinsu ya nutsar da su ɗaya bayan ɗaya.

Usta yana da ƙane, Ammu Naji, wato Baffa Naji da Larabcinsu, siriri, mai shekara sittin da ɗoriya, wanda magana ke yi wa wuya. Shi ne shaganda, wato mataimakin shaihi. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke kwaɓa garin burodin ibada, shi ke tsinko ganyen da ake naɗa ɗan kambu da shi, shi ke tsayawa shaida ya miƙa wa shaihi hannu in an kammala. Manyan hidimomi ba sa yiwuwa sai da shi. Asali aikin yara ne, 'ya'yan gidajen malamansu, amma yaran duk an kwashe su zuwa Ostareliya da Suwidin tun shekarun tashin hankali. Ammu Naji ya yi aikin yana ɗan shekara goma, ya dawo kan aikin da furfura. In ya wuce ta gaban shago, Usta yakan ɗaga murya ya ce, "Ga yaron shaihi nan, Allah ya raya mana shi." Shi kuma ko murmushi sai ya ga dama.

Lahadin farko da na gamu da shi cikin fararen kaya, na miƙa masa hannu. Ya mayar da nasa baya, ya kauce. Abin ya sosa min rai ƙwarai, na shiga shago ina huci, na ce ni da alwalata za a guje ni kamar na taka kashi. Usta ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ba kai ba ne, Hamis. Ko ni da muka sha nono ɗaya, in ya fito daga kogi na taɓa shi, ko na taɓa abin da ke hannunsa, komai ya rushe, sai ya koma ya sake daga farko. In ka gan shi da fari, ka gaishe shi da baki." Na ce na ji. Ina so a san wannan: an gaya min, kuma na ji.

'Ya'yan Usta uku duk suna waje, kullum suna roƙonsa ya taho. Wata rana bayan ya ajiye waya da babbansu, ya buɗe wani akwatin katako da ke ƙarƙashin teburin aiki, ya nuna min sabuwar rasta a naɗe, ba a taɓa sa ta ba. Na ce wannan ai likkafani ne.

Ya ce, "Ku gawa kuke yi wa sutura. Mu mai rai muke yi wa. In mutum ya zo gargara, sai a ɗebo ruwa daga kogi a kwarara masa sau uku, a sa masa wannan, a ɗora masa kambu, ransa ya fita yana cikin kayansa. Wanda ya mutu da kayan gida, ya kama doguwar hanya tsirara."

Na ce, "To can ba kogi ne, Usta?"

Ya ce, "Akwai. Amma a asibitinsu za ka mutu da igiyoyi a hanci, kafin a nemo shaihi ka yi sanyi. Nan ga kogi, ga shaihi, ga Naji. Na rasa 'ya'yana a kusa, na rasa jikokina, duk don rabin sa'a ɗin nan. Kada ka ga kamar hauka ne."

Ban ga kamar hauka ba. Na san tsofaffi a Roni da suka ƙi zuwa asibitin Kano don kada su mutu a hannun baƙi.

Shekarata guda a wurinsa lokacin da ciwon zuciya ya kwantar da shi a gida, cikin tsakiyar zafinsu, zafin da namu na bazara bai kama ƙafarsa ba. Ni nake buɗe shago. Ran nan da hantsi na duba shi, har ya yi min faɗa a kan wani awarwaro da na goge fiye da kima, don haka na tafi hankalina kwance. Ban san cewa bayan fitata jikin ya juya, har an kira shaihi ba.

Bayan azahar na rufe shago na nufi gidan. Ina shan kwanar layin da ya taso daga kogi sai na hango Ammu Naji a gabana, ba takalmi, a kan kwaltar da ke narkewa, da tulun ƙarfe cike da ruwa a kafaɗarsa. Yana tafiya yana tangaɗi, yana so ya yi sauri ƙafa ta ƙi. Fararen kayansa a jiƙe suke, na gan su da idona.

A garinmu, in ka ga dattijo da kaya ba ka tsayawa shawara. Tun kana ƙarami ake dukanka a kan haka, har ya zama jikinka ne ke yi ba kai ba. Kuma dattijo ba ya sakin kaya da farko. Zai ce bar shi, bar shi ɗana, ya juya kafaɗa, kai kuma ka nace, don in ka bari daga faɗa ɗaya an san da ma ba ka yi niyya ba. Na ruga na cim masa. Ya ji takuna, ya juyo, idonsa ya fito, ya ce, "A'a! A'a!" ya karkata kafaɗa. Ni kuwa na ɗauka irin ta tsofaffinmu ce. Na ce, "Haba Ammu, ina raye?" Na sa hannu biyu na sauke tulun daga kafaɗarsa.

Sai da nauyin ya zauna a hannuna hankalina ya iso.

Bai zage ni ba. Ya dubi hannuwana a jikin tulun, ya ce, "Ya Hamis," da wata murya da ban taɓa jin ta ba. Ya karɓa, ya tuntsurar da ruwan a kan kwalta, ya juya ya nufi kogi, yana wani abu tsakanin gudu da faɗuwa. Na bi shi a baya ina cewa ya yafe min, bai ko waiwayo ba. Na tsaya a gaɓa ina kallo ya shiga ruwa ya nutse sau uku, ya wanke tulun ciki da waje yana karatu, ya cika shi, ya hauro. Duk wannan ba a gaggauta shi. Na riƙa tafiya a gabansa ina korar masu babur da yara daga hanya, abin da ya kamata in yi tun farko ke nan.

Da muka iso, shaihi yana tsaye a ƙofar gida, ya sauke ƙyallen da yake rufe baki da shi in yana karatu. Ya girgiza kai. Usta Farhan ya cika kafin mu shawo kwana, cikin tsohuwar jallabiyarsa mai ratsin shuɗi, sabuwar rastar tana shimfiɗe a gefen gado. Ammu Naji ya durƙusa ya ajiye tulun a hankali, ko ɗigo bai zubar ba, ya zauna kusa da shi a ƙasa.

Mutum huɗu masu tsarki ne suke ɗaukar gawarsu, don haka daga nesa na bi jana'izar. Kwana uku ban sauko daga ɗakina ba. Na ɗaure kayana ina jiran a zo a kore ni, ko a kira min 'yan sanda, kuma da an yi haka da na ji sauƙi. A rana ta huɗu Ammu Naji ya buɗe shago ya kira ni. Ya zauna a kujerar yayansa.

Ya ce, "Na san alheri ka nufa. Amma ba zan yi maka ƙarya don ka ji daɗi ba. Yayana ya tafi ba sutura."

Na ce, "Ammu, ba abin da za a yi?"

 Ya ce suna da wasu kwanaki biyar a ƙarshen sanyi, ana kiran su Fanja, da suke cewa ƙofofin sama a buɗe suke. A cikinsu ana iya samun mutum mai kama da mamacin a shekaru da tsarki, ya tsaya a madadinsa, a nutsar da shi, a sa masa kayan da sunan wanda ya tafi. Ya ce, "Ni zan tsaya. Saura wata bakwai. Ka riƙa buɗe shago, akwai aikin mutane."

Watannin nan sun fi min na wurin bulo tsawo. Matar Usta ta ci gaba da aiko min da abinci, amma ta daina haɗa ido da ni. Ammu Naji yana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan. Ni Musulmi ne, abin da suka yi imani da shi ba shi na yi imani da shi ba. Amma na san tsohon nan ya sayar da zama da 'ya'yansa don abu ɗaya, kuma hannuna ne ya raba shi da abin.

Ana cikin haka babban ɗan Usta ya sa wani lauya ya nemo min takardar komawa gida. Ranar tafiyar ta faɗo kwana goma kafin Fanja. Lauyan ya ce in na bari ta wuce sai an sake bin layi, wataƙila wasu watanni, kuma in aka kama ni ba takarda a tsakani, ba ruwansa. Na kira Baba, a karo na farko na gaya masa komai, tun daga bulo har zuwa tulu. Ya saurara bai katse ni ba.

Ya ce, "Kai Hamisu, mutumin nan ya ba ka wurin kwana?"

Na ce, "Ya ba ni, Baba."

"Ya zaunar da kai a gaban wutarsa?"

"Ya zaunar da ni."

"To ubangidanka ne. Addininsa kuwa, wannan tsakaninsa da Wanda ya halicce shi, ba ni ba kai. Amma ka yi wa mutane ɓarna, suna shirin gyara, kai kuma ka hau jirgi? Da wane ido za ka dube ni?"

Na ce, "Inna fa? Na ce mata ina tafe."

Ya ce, "Ni zan ji da Innarka. Ka tsaya ka ga an yi wa bawan Allah nan suturarsa, ko daga bayan katanga ne. Kuma ka riƙe hannunka."

Na bar ranar ta wuce.

Da Fanja ta zo, gaɓar kogi ta cika da fararen kaya, har da waɗanda suka zo daga ƙasashen waje. Ranar da aka sa wa Usta, na tafi da safe na tsaya a gindin wani dabino, can baya, inda ba zan gogi kowa ba. A karo na farko tun zuwana, ba Ammu Naji ne shaganda ba, an ɗauko wani daga Basra ya tsaya wa shaihi. Ammu Naji ranar nan shi ne mamacin, ba zai yi magana ba har a gama. Shaihi ya shiga da shi ruwa, ya nutsar da shi sau uku.

Wajen haurowa, laka ta kwashe shi, ya faɗi a kan gwiwa ɗaya. Tsakanina da shi bai fi taku goma sha biyar ba, kuma wallahi ƙafata ta riga ta ɗaga. Na rungume dabinon nan da hannu biyu, na ƙanƙame shi har kaifin jikinsa ya yanke ni. Tsohon ya dafa ƙasa, ya gwada ya kasa, ya sake gwadawa. Ina kallo, hawaye na zuba, ban matsa ba. A karo na uku ya miƙe da kansa.

Aka warware rastar da ke cikin akwatin katako, aka sa masa ita gaɓa-gaɓa, shaihi yana kiran sunan Usta da na mahaifiyarsa. Aka naɗa masa rawani, aka ɗora kambun ganye. Da ya juyo, da gemun da ya bari ya yi tsawo a watannin nan, da yadda ya ɗan karkata kai, Usta na gani tsaye cikin kayansa. Matarsa ta rufe fuska da mayafi. Ban yi masa addu'ar da ake yi wa Musulmi ba, na san iyakata. Na dai ce, ya Allah, ga bawanka nan da ya ɗauke ni daga titi, Kai ka san shi fiye da ni.

Sai bayan la'asar aka watse. Ina nan a gindin dabinon, ban san ko in tafi ko in tsaya ba, sai ga Ammu Naji ya hauro cikin jallabiyarsa ta gida, da takalmi a ƙafa, da wata tsohuwar jaka da naɗaɗɗiyar tabarma a kafaɗa. Na ja baya na ba shi hanya, na mayar da hannuwana baya. Ya zo daidai ni ya tsaya.

Ya ce, "An gama. Yayana ya sa kayansa."



Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga jinin da ya bushe a damatsana. Sannan ya sauke jakar daga kafaɗarsa ya miƙo min, ya ce, "Kai ɗan wane gari ne, kana ganin tsoho da kaya ka tsaya kana kallo?"

Na karɓa. Ba ta da wani nauyi, amma sai da na sa hannu biyu. Ya wuce gaba, na bi shi a baya har gida.